Karo-karon masu gadin daji a ƙasar Daura: takalma sun samu, mai ne ya so ya gagara

A arewacin ƙasar Daura, inda ƙasa ta fara komawa rairayi kafin a kai bakin iyakar Nijar, akwai wani ɗan gandun daji da ba zan kama sunansa ba, don masu gadinsa ba su kai goma ba, ina faɗin wurin an gama sanin su waye. Kuma kar wani ya ji an ce gandun daji ya ɗauka irin Yankari ne mai giwaye da ɓauna. A'a. Gawo ne da aduwa da magarya da bagaruwa, sai sabara da kalgo a ƙasa, sai dogayen layukan darbejiya da turare da aka dasa shekaru da dama baya don su tare iska da yashi. Namun da ke ciki ma ƙanana ne, zomo, zabi, fakara, dila, damo, guza, bushiya. Tsofaffin wurin suna cewa da can har barewa ana gani, yanzu kam sai dai labari.

Masu gadin ba matsayinsu ɗaya ba. Akwai malamin daji guda wanda shi ne cikakken ma'aikacin gwamnati mai albashi, akwai ƴan wucin gadi da ake ba ɗan abin da ba ya kai su tsakiyar wata, sai kuma ƴan sa-kai da masu gari suka zaɓo daga ƙauyukan da ke gefen dajin, su ba su da komi sai sanda da kunyar maigari. Haka aka daɗe ana lallaɓawa, har aka cire tallafin mai a ƙarshen Mayun 2023. Litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin ƴan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 ta wuce 1,000, gas ɗin girki shi ma ya bi sahu, gidaje da yawa a cikin gari suka koma gawayi da itace. Wato a daidai lokacin da daji ya fi shiga ido, a lokacin ne mai gadinsa ya jingine babur ya koma tafiyar ƙasa. Masu saran kuma ba wawaye ba ne, sun san mutum mai tafiya da ƙafa ba ya kai ƙarshen gandun ya dawo a wuni ɗaya, sai su jira ya yi gabas su shiga ta yamma da amalanke. Da marke da ƙirya ake nema don su ne gawayi mai kyau, da suka yi ƙaranci aka koma ƙona duk abin da ya samu har darbejiyar da aka dasa da hannu.

Abin da ya tada maganar karo-karo ba itatuwan ba ne ma, maciji ne. Ɗaya daga cikin ƴan sa-kan ya taka kububuwa da magariba, silifas ne a ƙafarsa, kafin a kai shi asibiti ƙafar ta kumbura har gwiwa dasashinsa na jini. Allah ya yi da sauran kwana, amma sai da iyalinsa suka kai tumakinsu kasuwar Mai'adua kafin aka biya kuɗin allurai. Wani ya ɗauki hoton ƙafar ya saka a guruf ɗin WhatsApp na ƴan asalin yankin, masu zama Kano da Kaduna da Abuja har da Legas, ni ma ina ciki, to daga nan fa aka fara. Cikin dare ɗaya aka naɗa kwamiti, aka ba da lambar asusu, alat ya dinga shigowa ana turo hotonsa, kullum bayan isha'i sakatare ya saka jerin sunaye da abin da kowa ya bayar. Wannan jerin ya yi aiki ba kaɗan ba, mutum ya ga ƙaninsa ya bayar shi bai bayar ba, gobe sai ka ga sunansa. Matan wata unguwa suka kawo kwasar adashinsu ɗaya sukutum, wani yaro mai POS ya ce duk wanda zai tura na dajin ba zai cire cajinsa ba.

Kuɗi na taruwa gardama ta tashi kan mi za a saya. Mafi yawa yunifom suke so, kore shar da hula, a buga sunan guruf a baya, a yi taro a kira hakimi a raba a ɗauki hoto. Wasu suka ce sabon babur. Wani daga Abuja ya ce duk wasa ne in ba bindiga aka saya masu ba. Ana cikin haka wani dattijo, tsohon malamin daji ne da ya yi ritaya, ba ya yawan magana a guruf sai dai ya turo murya, ya ce "ƴaƴana, kun tambayi masu aikin kuwa?" Shiru. Babu wanda ya tambaya.

Aka tura mutum uku suka same su gindin wata tsamiya a bakin gandun. Abin da suka tarar ya kamata duk mai shirin irin wannan taimako ya ji shi. Tocila ɗaya ce mai aiki tsakaninsu, ita ma an ɗaure murfinta da robar tayar keke, sai an bubbuga ta take kawowa. Babura biyu suna jingine cikin zauren maigari, ɗaya taya ta cinye har zare ya fito an yi mata faci kan faci, ɗayan sarƙa ce da filogi kawai matsalarsa amma ya fi wata huɗu a ajiye. Wayoyinsu sai an aika cikin ƙauye an biya kuɗin caji, ranar da ba a aika ba ko an ga mota ta shiga daji babu yadda za a kira kowa. Babban cikinsu ya ce, "Alhaji, yunifom mun gode, amma in da hali a fara da ƙafa. Sannan gidan sauro, don damina a nan muke kwana. Sannan in an samu ɗan mai." Jarkar ruwa suka roƙa, da rigar ruwa, da adduna don share layin da ke tare gobara in kaka ta yi, lokacin da yara masu haƙar gafiya da masu taron farauta ke cinna wa ciyawa wuta. Ko mutum ɗaya bai ambaci bindiga ba.

Maganar bindigar ma tun farko ba hurumin guruf ba ne, doka ba ta ba wasu mutane damar su haɗa kuɗi su saya wa wasu makami ba, kuma wanda ya kawo shawarar, dajin Rugu yake tunani. Ba laifinsa ba ne, duk ɗan jihar Katsina in ya ji daji abin da ke faɗo masa kenan, dajin da ya ratsa Safana da Batsari da Ɗanmusa ya shiga Zamfara, wanda da makiyaya da masu itace ke shiga lafiya yanzu ya zama maɓoyar ƴan bindiga. Kamuku a Birnin Gwari gandun namun daji ne na tarayya, Sambisa ma asalinsa gandun namun daji ne, kowa ya ga abin da suka koma da gwamnati ta janye ido. Irin waɗannan dazuka aikin jami'an tsaro ne, shi ya sa Gwamna Dikko Radda ya ƙaddamar da rundunar tsaron al'umma ta jiha a Oktoban 2023, Shugaba Tinubu kuma ya amince da ɗaukar dakarun tsaron daji a Mayun 2025. Namu gandun bai kai nan ba, kuma dalili ɗaya da ya sa bai kai ba shi ne kullum akwai mai zagaya shi, wanda zai ga sabon sawun babur ko tokar wutar da ba ta makiyayi ba ce ya gaya wa maigari kafin la'asar. Wannan idon shi ake son a riƙe.

Sai ga gwaji na gaske. Wani Alhaji, ɗan yankin ne kuma mutumin kirki a mu'amala, ya kira ciyaman ya ce shi zai sayi sabon babur dal ya kai wa masu gadin da hannunsa. Sana'arsa? Dillancin itace da gawayi, motocinsa ne ke kai kaya cikin gari. Guruf ya rabu biyu, masu cewa ai kyauta ba a mayar da ita kuma ba kowane mai sayar da gawayi ne ɓarawon daji ba, da masu cewa to ranar da aka tare motarsa cikin dare, mai gadin da ke kan babur ɗinsa da wane baki zai ce a sauke kaya. Wani ya tuna wa mutane cewa ko a 2021 cikin matakan tsaron da gwamnatin Masari ta ɗauka har da hana manyan motoci ɗauko itace daga daji, wato ba yau aka fara sa wa harkar ido ba. An kwana biyu ana ja, har wasu suka fita daga guruf aka sake mayar da su. Daga ƙarshe aka tsaya kan cewa babu wanda zai miƙa wa mai gadi wani abu hannu da hannu da sunan wannan taimako, duk mai bayarwa ya zuba a asusu, abin da aka saya kuma a miƙa ta hannun ofishin da ke kula da gandun a gaban masu gari, da takarda. Aka je aka gaya wa Alhaji cikin girmamawa, ya ce ba komi, ya turo kuɗi, sai dai ba su kai rabin kuɗin babur ba. Allah kaɗai ya san zuciya, ni ban ce da wata manufa ya zo ba. Amma a ganina an yi daidai ko da an rasa babur, don mai gadi talaka ne, kuma a ƙasar nan talaka ba ya iya kallon idon wanda ya yi masa alheri ya ce masa a'a.

Abin da aka tara bai kai kuɗin sababbin babura biyu ba, don haka aka gyara tsofaffin biyu, sababbin tayoyi da sarƙa da juyen baƙin mai. Takalma masu dogon wuya aka sayo gwanjo masu kauri daga Ƙofar Wambai a Kano, kuma da yake yawancinsu ba su san lambar ƙafarsu ba, a kan kwali kowa ya taka aka zagaye da biro aka rubuta laƙabinsa, da kwalayen aka tafi kasuwa. Aka haɗa da safa, gidan sauro, rigunan ruwa, tocila mai caji, jarkoki, adduna, da faifan sola ɗaya da batir aka kafa a gidan maigari don cajin waya. An so a sayi maganin dafin maciji a ba su su ajiye, wata ma'aikaciyar jinya da ke guruf ta hana, ta ce allura ce da sai a asibiti ake yin ta don wani jikin yana iya ƙin ta nan take, kuma ba a ajiye ta a bukka cikin zafin bazara. Sai aka ware wani abu a asusu da sunan ko-ta-kwana. Yunifom ba a yi ba. An yi ɗan taro, an ɗauki hoto, guruf ya cika da masha Allah.

Bayan wata uku kuɗin mai suka ƙare, baburan suka koma zaure.

Nan ne ainihin darasin wannan lamari yake, kuma shi ya sa na zauna rubuta shi. Ciyaman ya saka sanarwa cewa ana buƙatar kuɗin mai, mutanen da suka yi rububin bayarwa da farko suka karanta suka wuce. Ba rowa ba ce, mutum ya riga ya ji a ransa cewa ya yi nasa, ga hoto ma ya gani. Takalmi ana ganinsa, mai kuwa ƙonewa yake, ba wanda zai turo maka hoton litar da ka saya. Alhali aikin gadin daji kusan dukkansa irin wannan kashe kuɗin ne da ba ya ƙarewa, mai, garin kwaki da ƙuli na kwanan daji, faci, katin waya, magani. Kamar mai sayen doki ne da bai yi lissafin dusa da harawa ba.

In ka duba wuraren da abin ya yi tasiri a ƙasar nan za ka ga duk alkawarin dogon zango ne. Yankari da aka keɓe tun 1956, ta zama ta tarayya sannan ta koma hannun jihar Bauchi a 2006, ta sha fama da maharban giwa masu neman haure. WCS, wata ƙungiyar kare namun daji ta ƙasa da ƙasa, ta ƙulla yarjejeniya da gwamnatin Bauchi a 2014 ta karɓi ɗawainiyar sintiri, abincin kwanan daji da alawus da horo da na'urar da ke nuna inda kowace tawaga ta taka, ba sau ɗaya ba, wata bayan wata, kuma ƙungiyar ta sha bayyana cewa daga 2015 an yi shekaru ba a tsinci gawar giwar da maharba suka kashe ba. A Gashaka Gumti, gandun da ya fi kowane girma a Najeriya, tsakanin Taraba da Adamawa, gidauniyar ANI mai aikin kare gandaye ta shiga yarjejeniya da hukumar gandayen tarayya a 2017, ita ma ta shekaru masu yawa ce. Ko a waje, da korona ta tsayar da masu yawon buɗe ido a 2020 kuɗin shiga suka ƙafe, ƙungiyar Tusk ta Ingila mai kare namun daji ta shirya tseren da masu gadin daji na Afirka ke gudun kilomita 21 ɗauke da kaya mai nauyin sama da kilo 20 don a tara kuɗi, kuma a albashi da abinci kuɗin suka fi tafiya, duk shekara ake maimaitawa. Mu nan jihar Katsina muna da dajin Kogo, yana cikin dazuka goma da marigayi Buhari ya amince a mayar gandayen tarayya a 2020, amma amincewa a takarda daban, mutum a kan babur mai mai cikin daji daban.

Kwamitin ya sauya salo. Aka daina neman taron jama'a, aka nemi waɗanda za su ɗauki alkawarin wata-wata komin ƙanƙantarsa, kuma aka ce a lissafa da lita ba da naira ba don farashi ba ya zama wuri ɗaya, wani ya ɗauki lita biyu wani biyar. Mutanen da suka amsa ba su kai kashi ɗaya cikin huɗu na masu bayarwar farko ba, amma su ɗin sun tsaya. Aka ba wata malamar makaranta ma'aji, mace ce da ba ta jin kunyar kiran mutum ranar biyar ga wata ta ce "Yaya, ban ga naka ba." Kuɗin ba ya shiga hannun masu gadi, wurin mai sayar da man ake biya, su je su sha a rubuta. Aka sayi littafi mai bango mai kauri, duk fita a rubuta rana da ɓangaren da aka zagaya da abin da aka gani, maigari ya sa hannu ranar Juma'a, a ɗauki hoton shafin a saka a guruf. Wannan shafin ya maye gurbin hoton takalma, mutum ya ga an rubuta an kashe ramin gawayi a kusurwar yamma, ko an tarar da tarkon waya an kwance, sai ya ji litarsa ta yi wani abu.

Sai dai sintirin da ya ƙaru ya zo da nasa ciwon kan, wanda babu wanda ya hango. Wa mai gadi ya fi saurin kamawa? Ba mai mota ba, shi da dare yake zuwa kuma yana da mai tsegunta masa. Matan ƙauye ne masu ɗebo ƙirare da rana tsaka, da yaran Fulani masu sare reshen gawo don dabbobi, kuma duk wanda ya san gawo ya san shi ne itacen da ke fitar da ganye da rani ya zubar da damina, a watannin bazara shi ne abincin da ya rage wa garke. Cikin ƴan makonni gaturan da aka ƙwace suka taru a zauren maigari, mata suka je suka zauna ƙofar gidansa, wata tsohuwa ta ce "ranka ya daɗe, ƴaƴanmu na birni sun haɗa kuɗi don a hana mu dafa tuwo kenan?" Maganar ta iso guruf kuma ta yi zafi, don iyayen wasunmu ne. Aka zauna da malamin daji da masu gari da arɗo, da sanin ofis, aka daidaita cewa busasshen itacen da ya faɗi da kansa mace ta ɗauka a kai a ranakun da aka sa, ɗanye ba a taɓa shi, makiyayi ya rage reshe kar ya gundule kan itace, amalanke da kurkura da mota kuwa babu su sai da takarda. Aka mayar wa mata gaturansu. Tun daga nan ma matan suka zama masu kawo rahoto, su ne ke fara ganin sabon kututture da safe.

Akwai abu biyu da har yanzu ba a warware ba. Na ɗaya, tun da guruf ya ɗauki mai, ɗan abin da ke zuwa daga sama jefi-jefi ya ƙara ja baya, kamar an ce ai sun samu masu yi masu. Wannan haɗari ne, don gandun na gwamnati ne, tarar da ake ci ma aljihunta take shiga, karo-karo cike giɓi ne kawai. Na biyu ya fi nauyi. In ɗan sa-kai ya mutu a bakin aiki ko ya naƙasa, ba shi da fansho ba shi da giratuti, sunansa ma ba ya cikin kowane littafin gwamnati. Duniya ta ware 31 ga Yuli don tunawa da masu gadin daji da suka rasa rayukansu, a gandun Virunga na Kwango kaɗai sama da 200 aka kashe, akwai ma gidauniyar Thin Green Line ta Ostareliya da ke tallafa wa matan da aka bari da marayu, amma irin namu da ba su da ko katin shaida ba su cika shiga wannan lissafin ba. Kuɗin ko-ta-kwanan da aka ware an taɓa su sau ɗaya da wani ya faɗi a babur ya karye a hannu, abin da ya rage ba zai riƙe gida ko na wata biyu ba.

Kwamiti ya rubuta takarda ta hannun hakimi ana roƙon a ɗauki ƴan sa-kan ko a matsayin ƴan wucin gadi, a ba su kati, an ce tana kan tebur. Takalman farko kuma sun fara buɗe baki, rairayi da ƙayar aduwa ba sa barin gwanjo ya daɗe, malama ma'aji ta ce a zaman bayan sallah za ta kawo shawarar a ƙara rabin lita kan kowa a dinga ajiyewa don sauyin takalma da taya, tun kafin damina ta sauka.